Gilashin da Ba Shi da Na Biyu

A Nuneaton da ƙauyukan da ke kewaye da ita, duk wanda tsakuwa ta tsaga wa gilashin tsohuwar mota, suna ɗaya ake ba shi: Gordon Tranter. Ba shi da kamfani, ba shi da allo a bakin titi. Farar motar kaya ce da ta sha jiki, da akwatin kayan aiki, da matarsa Hazel. Masu aikin zamani da ke manna gilashi da gam su yi gaba kafin shayinka ya huce, idan suka ga motar da ta girmi iyayensu sai su sosa ƙeya su ce a kira Tranter.

A Coventry aka haife shi, lokacin da rabin garin ke cin abinci daga masana'antun mota. Mahaifinsa ma aikin sa gilashin mota yake yi. Shi kuwa ya koyi aikin ne a hannun wani masifaffen tsoho, Bickley, wanda idan ya ga ka danna gilashi da kan yatsa sai ya kwaɗa maka igiya a bayan hannu. "Da tafi ake dannawa, jaki, da tafi!" Aikin na mutum biyu ne, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ana zagaye gilashin da roba, a cusa siririyar igiya cikin ramin robar, a ɗora shi a gurbinsa. Na ciki ya riƙa jan igiyar a hankali tana zaro leɓen robar tana ɗora shi a kan ƙarfen motar, na waje kuma ya bi shi da tafin hannu yana dannawa. Idan na waje ya matsa da yawa, gilashi ya dare. Idan ya sassauta, gilashi ya zame. Wata rana, ba a daɗe da aurensu ba, abokin aikin Gordon ya kwana a mashaya bai fito ba. Hazel, wadda a lokacin take ɗinki a masana'antar safa, ta tattare siket ɗinta ta shiga motar ta kama igiya. Tun daga ranar ba ta sake ta ba, kuma ba ta daina tuna masa cewa ta fi wancan mashayin iyawa ba. Shekara arba'in da wani abu ke nan, ita a ciki, shi a waje, suna kallon juna ta cikin gilashin mutane suna faɗa.

Da bazarar bana abin ya fara. Yana zaune yana kallon ƙwallo sai ya ga babban yatsansa na dama yana motsi shi kaɗai, kamar mai murza zare. Ya danne shi ya tsaya. Bayan kwana biyu ya dawo, ya taho da sauran yatsun. Gordon bai buƙaci a gaya masa ko mene ne ba, don ya taɓa ganinsa. Haka mahaifinsa ya fara, ƙaton mutumin da ke ɗaukar gilashin babbar mota shi kaɗai, ya ƙare a kujera bakin taga, ana ba shi abinci da cokali ana goge masa haɓa. Tsoro ya shiga Gordon irin wanda bai taɓa ji ba, ya kwanta da shi ya tashi da shi. Bai je asibiti ba, don a ganinsa abin da ba a raɗa wa suna ba bai iso ba tukuna. Ya koyi ɓoye hannun a aljihu. Idan ya zauna ya tura shi ƙarƙashin cinya. Aiki ya zo ya ce bayansa ke ciwo. Hazel ta ce lalaci ne ya kama shi da tsufa, shi kuwa ya fi son ta ce hakan.

Ana nan sai Mista Okell ya bugo waya, aka yi rashin sa'a Hazel ce ta ɗauka.

Mista Okell tsohon likitan dabbobi ne, dogo, ya yi ritaya, matarsa ta rasu, ba abin da ya rage masa sai wata koriyar mota mai kujera biyu. Wani ɗan ƙaramin kamfani ne ya ƙera ta shekara sittin da suka wuce, ya yi 'yan ɗaruruwa ya karye. Ga ta ƙasa-ƙasa, dogon hanci, idan aka tayar da ita har tagogin maƙwabta sai sun amsa. Masu irin waɗannan motoci mutane ne da sai dai a yi musu uzuri: su goge mota kwana shida, su tuƙa ta rabin yini, in hadari ya taso su ruga gida kamar an biyo su. A irin wannan rabin yinin ne wata tifa ta wuce shi ta watso tsakuwa. Da farko ɗan tabo ne kamar tauraro. Sanyi ya zo, tabon ya yi ƙafa, ya ratsa gilashin daga ƙasa har gaban idon direba. Gilashin kuwa ba irin wanda ake yankowa ba ne, lanƙwasasshe ne a gefe biyu, kuma masu yinsa sun daɗe a kabari. Kusan shekara biyu Mista Okell yana cigiya, har aka samo masa guda ɗaya a saman rufin wani shagon da aka rufe a Beljiyam, cikin akwatin katako, kwance a ciyawa, ba a taɓa sa shi a mota ba. Bayan shi babu wani, ko a ina.

"Na ce masa Alhamis," in ji Hazel.

"Kin ce masa me? Wa ya aike ki?"

"Bawan Allah har muryarsa na rawa. Ya ce in ba kai ba, ba wanda zai taɓa masa shi."

"Bayana fa?"

"Bayanka bai hana ka zuwa kallon ƙwallo ba ranar Asabar. Kai dai ka ce ka zama rago, in san da rago nake zaune."

Gordon ya auna abin a ransa. In ya ƙi, sai ya faɗi dalili. In ya je, gilashin da babu na biyunsa zai kwanta a ƙarƙashin hannun da shi kansa bai yarda da shi ba. Gaba kura, baya sayaki. Kwanakin da suka rage bai ci abincin kirki ba.

Ranar Alhamis gari ya waye da sanyi mai shiga ƙashi, ciyawa duk ta yi fari. Mista Okell ya kunna hita a garejin tun da asuba kamar yadda aka umarce shi, don roba mai sanyi ba ta lanƙwasuwa, gilashi mai sanyi kuma ba ya yafiya. Ya tarbe su a bakin ƙofa da hular ulu har kunne, ya miƙo hannu. Gordon ya yi sauri ya sunkuci akwatin kayan aiki da hannu biyu, ya gaishe shi da ka. Bai manta ba cewa mutumin nan ya shekara arba'in yana gane ciwon dabbar da ba ta magana, daga yadda take tsayuwa kawai.

"Mista Tranter, ban yi barci ba jiya," in ji Mista Okell.

"To ai kai ka ga ta kanka," in ji Hazel. "Wannan minshari ya yi ta ja kamar tarakta."

Ƙarya take yi, ko kuma ba ta sani ba. Gordon idonsa biyu ya kwana.

Cire tsohon gilashin ba wuya, abin da ya riga ya mutu ba a jin tsoron kashe shi. Gordon ya yanke tsohuwar robar da wuƙa, ya riƙe ta da hagu, ya juya musu baya. Hazel ta cire takalmi ta kwanta a kujera ta tura gilashin da ƙafafu, ya fito yana ƙara, tsagar ta ƙarasa darewa. Suka kankare dattin gurbin, suka duba ko tsatsa ta ci ƙarfen, ba ta ci ba. Sabuwar robar tana jiƙe a bahon ruwan zafi. Sai aka zo buɗe akwatin katakon.

Da suka yaye ciyawar, Gordon ya sunkuya ya duba. Gilashin ya fi yadda ya zata sirantaka, gefensa kore-kore, ba ƙwarzane ko ɗaya. Ya girmi aurensu. Ya tsallake teku a bayan mota bai fashe ba, ya zo ya tsaya a gaban hannunsa. A cikin aljihu yatsun suna ta aikinsu, har yana jin 'yan makullansa na kaɗawa.

"Mista Okell," ya ce, "ba ma aiki ana kallonmu. Ka ba mu wuri."

"Ko daga can lungu? Ba zan ce uffan ba."

"Numfashinka ma ya isa ya fasa shi," in ji Hazel. "Je ka ɗora mana shayi, kada ka dawo sai mun kira. Da biskit, ban da irin na asibiti."

Ya fita yana waiwaye kamar wanda ya bar ɗansa a ɗakin tiyata.

Suka cire zobba da agogo suka ajiye a kan benci. Suka zagaye gilashin da robar tana tururi, suka cusa igiyar, bakinta biyu suka haɗu a ƙasa ta tsakiya. Hazel ta shafe ko'ina da ruwan sabulu. Wajen ɗauka Gordon ya tallafe nasa gefen da damtse ya manna shi a ƙirji, abin da Bickley zai tsine masa a kai. Taku kaɗan ne daga benci zuwa motar, amma sai da rigarsa ta jiƙe. Gilashin ya zauna a gurbinsa. Hazel ta shiga, ta durƙusa a kan kujera, ta naɗe bakin igiyar a yatsunta.

"Ka shirya, tsoho?"

"Ja."

Ta fara ja. Leɓen robar ya riƙa fitowa yana hawa ƙarfen da ɗan sauti kamar tsotsar leɓe. Gordon ya ɗora tafin hagu, ya ɗora na dama, ya sauke nauyin kafaɗarsa a kai, sai ya ga ashe idan ya danne hannun da nauyi yana lafawa. Amma nauyin nan shi ne abin tsoron. Shekara da shekaru tafinsa ne ke gaya masa inda gilashi ya ƙoshi, yau kuwa tafin ba ya jin komai sai kansa. Gefen ƙasa ya shiga. Suka hau gefen direba. Fuskar Hazel tana nan dab da hannunsa, gilashi kawai ya raba su, sai dai idonta na kan igiya. Yana roƙon Allah kada ta ɗago.

A kusurwar sama, inda gilashin ya fi lanƙwasa, igiyar ta cije.

"Ta ƙi," in ji ta. "Danna."

"Ina dannawa."

"Ba ka dannawa, kana jingina ne. Yau me ya same ka? Matso da hannunka sama."

Matsar da hannun yana nufin ɗaga shi. Ya ɗaga, hannun ya yi tsalle a iska, ya yi maza ya kife shi da na hagu ya mayar. Gilashin ya yi wata 'yar ƙara, ƙyas. Gordon ya tsaya yana jiran ya ga farin layin nan ya taso daga kusurwa ya ruga, don haka yake yi, ba ya sallama. Ya bi gefen da ido, ya sake bi. Babu komai. Robar ce ta faɗa gurbinta.

"Ta shiga," in ji Hazel. "Ka ga fuskarka kuwa? Kamar ka ga fatalwa."

Ɗaya kusurwar ta zo da sauƙi, saman ya biyo, igiyar ta zare gaba ɗaya ta faɗo a cinyarta. Ta fito tana miƙa tana riƙe da ƙugu, ta ce ita dai gwiwoyinta sun gama yawo, a kira mai shayi.

"Tukuna," in ji Gordon.

Tsugune ba ta ƙare ba. Saura makulli, wata siririyar leda mai ƙyallin azurfa da ake cusawa a tsakiyar robar ta waje, ta buɗa ta, ta ƙulle gilashin. In babu ita, iskar gudu ma tana iya ɗaga shi. Ana sa ta ne da wani ƙarfe mai ido a baki kamar basilla, a tura shi cikin robar yana buɗa hanya, ledar na biye da shi, har a zagaye gilashin. Bakin ƙarfen yana tafiya ne tsakanin gefen gilashi da fenti, ba tazarar da ta kai faɗin farce. Wannan aikin Gordon ne shi kaɗai. Hazel ba ta taɓa yi ba, a lokacin takan tattara kaya ne tana yi masa surutu. Kuma ba a yin sa da hagu, ba a yin sa da nauyin kafaɗa. Yatsu yake so.

Ya ɗauki ƙarfen. Ya zura ledar a idonsa, sai a karo na uku ta shiga. Ya sunkuya a kan hancin motar, ya kai bakin ƙarfen ga robar. Kafin ya tura, bakin ya fara taɓa gilashin da kansa: ƙyas, ƙyas, ƙyas, ƙyas. A cikin shirun garejin sautin ya fito tar. Ya ƙanƙame ƙarfen, abin ya ƙaru. Ya san abin da zai biyo baya kamar ya riga ya faru: turawa ɗaya, zamewa ɗaya, ɗan ɓalli a gefen gilashi, gobe ko jibi ɓallin ya yi ƙafa. Wata zuciyar ta ce masa ya tura kawai, sau nawa ya yi, wataƙila ya wuce lafiya, ba wanda zai sani. Ya kusa bin ta. Gumi ya ɗigo daga hancinsa ya sauka a kan koren fentin.

Ya janye ƙarfen. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Hazel."

"Mene ne kuma?"

"Zo ki gani."

Ta juyo da bahon ruwa a hannu. Ya miƙa mata hannun a buɗe, a fili, ƙarƙashin fitila, ya bar shi yana abin da yake yi. Ta daɗe tana kallo. Ta san mahaifinsa, ita ma ta ba shi abinci da cokali. Ta sunkuya ta ajiye bahon a hankali kamar shi ma zai fashe.

"Tun yaushe?"

"Tun bazara."

"Tun bazara." Ta maimaita. "Butar shayin mamata da ka saki ta tarwatse, na yi kwana uku ban yi maka magana ba. Na ce maka ganganci ne."

"Kin ce."

"Ka tsaya kana kallona ina zaginka, ba ka ce komai ba? Kai wane irin mutum ne, Gordon Tranter?"

"Tsoro nake ji, Hazel. Wallahi tsoro nake ji."

Bai taɓa faɗa mata wannan kalmar ba tunda suke. Ta goge ido da bayan hannu, sabulu ya shiga, ta yi tsaki ta ɗora wa sabulun laifi. Daga cikin gidan suka ji ƙarar kofuna. Ta dubi gilashin, ta dubi ƙarfen.

"Ba ni."

"Ba ki taɓa yi ba."

"Na shekara arba'in ina kallonka kana yi kana hura hanci. Ba ni, ka gaya mini."

Ya ba ta. Yanzu tsoron ya zama biyu, don tsayawa kallo ya fi yi wuya. Ya koma bayanta ya harɗe hannuwa a ƙirji. Kwantar da shi, ya ce, kada ki tsayar da shi. Ƙara sabulu. Tura daga kafaɗa, ba daga wuyan hannu ba. Ta tura, ƙarfen ya shiga, ledar ta bi shi ta kwanta tsawon ɗan yatsa. Ta sake turawa. A miƙe abin yana tafiya, yatsun mai ɗinki ba su manta bin layi ba. A kusurwa ta farko ƙarfen ya kuɓuce ya fito, ya wuce ta saman fentin bai taɓa ba, su duka biyu suka ja numfashi.

"Kada ka yi mini ihu," ta ce.

"Ban ce komai ba."

"Ina jin ka kana shirin yi."

Ta mayar da shi. Kusurwa ta biyu ta bi ta kamar mai tafiya a kan ƙanƙara, leɓenta a cije, shi kuma yana raɗa mata, sannu, sannu, juya wuyan, haka. Ta uku. Ta huɗu. Da bakin ledar biyu suka haɗu a ƙasa, ta yanke, ta rufe mahaɗar da ɗan ƙarfenta, ta ja da baya ta jingina da bango. Gilashin yana zaune daram, tas, kamar da shi aka haifi motar.

Ita ce ta buɗe ƙofa ta ƙwala kira. Mista Okell ya shigo da tire, ya ajiye, ya tsaya a gaban motar. Ya zagaya ta dama, ya zagaya ta hagu, ya shiga ya zauna ya kama sitiyari ya leƙa waje. Da ya fito idonsa ya yi ja.

"Na faɗa wa 'yan ƙungiyarmu ta masu tsofaffin motoci," ya ce, "duk ƙasar nan hannu ɗaya ya rage, na Tranter. Akwai wani abokina a Warwick ma, tasa motar na jiran ka."

Mista Okell ya zuba shayi, ya sa madara, ya ɗora kofin a kan ɗan farantinsa, irin na baƙi masu daraja, ya miƙo wa Gordon.

Gordon ya dubi kofin. Hannun hagu yana kusa, ya saba. Ya zaro na dama daga ƙirjinsa ya karɓa. Kofin ya fara kaɗawa a kan farantin, ƙarar ta cika garejin, shayi ya fallatsa ya taru a gefe. Mista Okell ya dubi hannun, irin kallon da ya yi wa dabbobi dubu, sannan ya dubi gilashinsa, ya sake duban hannun. Murmushin ya bar fuskarsa a hankali.

"Ka ce wa abokin naka ya nemi wani," in ji Gordon.

Hazel ta matso, ta zare farantin daga ƙarƙashin kofin, ƙarar ta tsaya.

"Sha, tsoho," ta ce, "kafin ya huce."